Darasi na Goma Sha Ɗaya: Daidaita Saitin PHP a Shafin Intanet na Haya

Manufar Darasi

Abin da ake nufi da wannan darasi shi ne ɗalibi ya san inda dokokin PHP suke a rubuce a kan uwar garken da ya kama haya, wato na'urar da shafinsa ke zaune a kanta, ya rarrabe tsakanin waɗanda aka ba shi ikon canzawa da waɗanda aka hana shi taɓawa, ya iya rubuta canjin a cikin fayil ɗin da ya dace, sa'an nan ya tabbatar da idonsa cewa abin da ya rubuta ya kama aiki. An ɗauka cewa ya riga ya san yadda ake shiga ma'ajiyar fayilolin shafinsa, ko dai ta allon sarrafawa irin su cPanel, ko kuwa ta hanyar FTP.

Fasali na Farko: Asalin Mas'alar

Ku sani, ya ku ɗalibai, cewa shafin intanet iri biyu ne. Akwai wanda aka rubuta tun tuni aka ajiye, duk wanda ya nema sai a miƙa masa yadda yake. Akwai kuma wanda ba a haɗa shi sai a sa'ar da baƙo ya nema, inda wata manhaja da ke zaune a kan uwar garke take tashi nan take, ta ɗebo bayanai daga rumbu, ta tsara su, ta aika wa mai nema, sa'an nan ta kwanta har wani ya sake ƙwanƙwasawa. Harshen da ke kan gaba wajen wannan aiki na biyu shi ne PHP, wanda Rasmus Lerdorf, haifaffen tsibirin Girinland, ya fara rubutawa a 1994, ya sake shi ga jama'a a 1995. Daga baya kuma Andi Gutmans da Zeev Suraski, suna ɗalibai a birnin Haifa, suka sake gina shi daga tushe, har aka fitar da PHP 3 a 1998. Da wannan harshe aka rubuta WordPress, da Moodle da makarantu ke koyarwa da ita, da kuma MediaWiki wadda Wikipedia ke tafiya a kanta. Saboda haka da wuya mutum ya riƙe shafin makaranta, ko na ƙungiya, ko na kasuwanci, bai yi arba da shi ba.

To, mafi yawan masu ƙananan shafuka ba su da uwar garke ta kansu, haya suke kamawa a wurin kamfanin masauki, wanda yakan tara shafuka masu yawa a kan na'ura guda. Misalin wannan kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, wanda rijiyarsa ɗaya ce, mitar wutarsa ma ɗaya: kowane ɗan haya yana da ikon shirya ɗakinsa yadda ya ga dama, amma ba shi da ikon kwashe ruwan rijiya shi kaɗai, kuma akwai mabuɗan da ba su barin hannun mai gida. Wannan shi ne dalilin da ya sa aka gindaya wa PHP haddodi, domin kada manhaja guda da ta ɓaci ta cinye ƙwaƙwalwar na'ura, ko ta riƙe ta da aiki ba iyaka, maƙwabta su wahala a kan laifin da ba nasu ba.

Waɗannan haddodi suna da sunaye da adadi, kuma wajibi ne ɗalibi ya haddace manyansu kamar yadda PHP take zuwa da su tun asali, kafin mai masauki ya ƙara ko ya rage. Girman fayil guda da za a iya ɗorawa, wato upload_max_filesize, megabait 2 ne. Jimillar abin da fom guda zai iya aikowa a tashi ɗaya, wato post_max_size, megabait 8 ne. Ƙwaƙwalwar da manhaja za ta iya ci a kira guda, wato memory_limit, megabait 128 ce. Lokacin da aka ba ta ta gama aikinta, wato max_execution_time, sakan 30 ne. Yawan guraben fom da za a karɓa, wato max_input_vars, 1000 ne. Duk sa'ad da kuka ga shafi ya ƙi karɓar hoto, ko ya tsaya cak a tsakiyar aiki, ko ya nuna fari fat babu rubutu, to ku fara zargin ɗayan waɗannan biyar kafin ku zargi wani abu dabam.

Fasali na Biyu: Fayiloli Uku da Hukuncin Kowannensu

Wuraren da ake rubuta waɗannan dokoki uku ne, kuma mafi yawan wahalar da mutane ke sha a wannan babi ta samo asali ne daga rubuta magana daidai a wurin da ba daidai ba.

Na farko shi ne php.ini, wanda shi ne uban sauran, PHP tana karanta shi a lokacin da ta tashi, hukuncinsa kuma yana hawa kan dukkan shafukan da ke ƙarƙashinta. A gidan haya wannan fayil na mai masauki ne, ɗan haya ba ya isa gare shi. Wasu kamfanoni, musamman masu tafiyar da PHP ta tsohuwar hanyar CGI, sukan bar mutum ya ajiye php.ini nasa a cikin jakarsa. Sai dai a nan akwai faɗakarwa, domin a irin wannan tsari sabon fayil yakan maye gurbin babban ne ɗungurungum, ba ƙari yake yi a kansa ba, ta yadda duk abin da ba ku rubuta ba zai koma adadinsa na asali, kuma sau da yawa hukuncinsa ba ya wuce jakar da aka ajiye shi.

Na biyu shi ne .htaccess, wanda asalinsa ba na PHP ba ne, na Apache ne, wato manhajar da ke karɓar baƙi a ƙofar shafi, wadda aka fara fitarwa a 1995. Idan an dasa PHP a cikin jikin Apache ta hanyar da ake kira mod_php, kuma mai masauki ya ba da izini ta umarninsa na AllowOverride, to ana iya rubuta dokokin PHP a cikin wannan fayil da lafazi biyu: php_value ga abin da ke da adadi ko suna, php_flag kuma ga abin da ake kunnawa ko kashewa. Apache tana duba .htaccess a kowace ziyara, don haka canjinsa yana kamawa nan take, kuskurensa ma haka nan.

Na uku shi ne .user.ini, wanda ya shigo da fitowar PHP 5.3 a 2009, domin amfanin waɗanda PHP ɗinsu ke tafiya a waje da jikin Apache, ta hanyar CGI ko FastCGI, har da tsarin FPM da ya yawaita a yanzu. Rubutunsa irin na php.ini ne sak: suna, alamar daidai, sa'an nan adadi. PHP tana neman sa tun daga jakar manhajar da aka kira, tana hawa sama jaka bayan jaka har zuwa tushen shafi, wanda a cPanel sunansa public_html. Saboda haka wanda aka ajiye a tushe yana mulkin duk abin da ke ƙasa da shi, wanda kuma aka ajiye a jaka ta ciki yana rinjaye a cikin wannan jakar. Abin lura shi ne ba a karanta shi a kowace ziyara: PHP tana riƙe abin da ta karanta har tsawon sakan 300, wato minti 5, kafin ta sake dubawa.

Ƙa'idar da za ku riƙe a taƙaice ita ce: na biyu da na uku ba sa maye gurbin juna. Wanda PHP ɗinsa ke cikin Apache, in ya rubuta .user.ini, ba za a ko kalle shi ba. Wanda kuma nasa ke tafiya ta FastCGI, in ya rubuta php_value a .htaccess, galibi Apache ba za ta gane lafazin ba, sai ta rufe shafin gaba ɗaya da saƙon kuskure mai lamba 500.

Fasali na Uku: Martabobin Izini

Ko da mutum ya dace da fayil, ba kowace doka ce ke karɓar canji daga hannunsa ba, domin masu tsara PHP sun ba kowane umarni martaba wadda ke bayyana inda ya halatta a canza shi. Mai martabar INI_ALL ana canza shi a ko'ina, har ma daga cikin manhaja tana cikin gudu, ta hanyar kiran ini_set. Daga cikin irinsa akwai memory_limit, da max_execution_time, da display_errors, da date.timezone. Mai martabar INI_PERDIR ana canza shi a fayilolin nan uku, amma ba daga cikin manhaja ba. A nan upload_max_filesize yake, da post_max_size, da max_input_vars. Mai martabar INI_SYSTEM kuwa, irin su allow_url_fopen da disable_functions, na mai masauki ne shi kaɗai, duk abin da ɗan haya ya rubuta a kansa aikin banza ne.

Akwai hikima a wannan rabo, kuma wanda ya fahimce ta ba ya bukatar hadda mai yawa. Ku duba upload_max_filesize: a lokacin da manhajarku ta fara gudu, fayil ɗin da baƙo ya aiko ya riga ya iso, an riga an auna shi, an karɓa ko an mayar, to ina amfanin manhaja ta ɗaga haddi bayan an gama yanke hukunci? Shi ya sa dole a rubuta shi a wurin da ake karantawa kafin manhaja ta tashi. Haka kuma abin da ya shafi tsaron na'urar baki ɗaya, ba daidai ba ne a bar shi a hannun ɗan haya guda, alhali cutarwarsa za ta game kowa.

Bayan wannan, mai masauki yana da ikon kulle duk umarnin da ya so, ko da mai martabar INI_ALL ne, ta hanyar lafazin php_admin_value a cikin saitinsa na sama. Abin da aka kulle ta haka, babu .htaccess, ko .user.ini, ko ini_set da zai motsa shi. In kuwa ba a kulle ba, to jerin rinjaye shi ne: php.ini ya shimfiɗa asali, fayil ɗin ɗan haya ya gyara shi, manhaja kuma ta yi magana ta ƙarshe a kan abin da martabarsa ta yarje mata.

Fasali na Huɗu: Bincike Kafin Gyara

Tun da hukunci ya rataya ne a kan yadda PHP take tafiya a masaukinku, farkon aiki shi ne ku gano wannan da hujja, ba da zato ba. Ku buɗe sabon fayil a cikin public_html, ku ba shi suna da baƙo ba zai yi saurin cankowa ba, alal misali duba7k.php, ku rubuta wannan layi guda a ciki:

<?php phpinfo();

Sa'an nan ku kira shi a burauza, ta hanyar rubuta sunan shafinku a bi shi da sunan fayil ɗin. Wani dogon jadawali zai bayyana, amma wurare uku kaɗai kuke bukata. Na farko, kusa da sama, layin da aka rubuta Server API: in kun ga Apache 2.0 Handler, to .htaccess ne naku. In kun ga CGI/FastCGI ko FPM/FastCGI, to .user.ini ne naku. Na biyu, layin Loaded Configuration File, wanda ke nuna ainihin php.ini ɗin da aka karanta. Na uku, jerin umarnai da ke ƙasa, inda kowanne yake da ginshiƙi biyu a gabansa: na dama, Master Value, shi ne abin da aka shimfiɗa daga sama, na hagu kuma, Local Value, shi ne abin da yake aiki a jakarku a yanzu. Wannan ginshiƙi na hagu shi ne shaidarku. Duk gyaran da bai bayyana a cikinsa ba, bai kama ba, komai kyawun rubutunsa.

Da zarar kun gama aiki, lalle ne ku goge wannan fayil, domin yana tona asirin uwar garke, daga lambar fitowar PHP har zuwa hanyoyin jakunkuna, kuma irin wannan bayani ne ɓarayin intanet ke nema kafin su kawo hari.

Fasali na Biyar: Misali a Aikace

Mu ƙaddara cewa wata makarantar Islamiyya tana da shafi a kan WordPress, aka ɗauki karatun malam a murya, fayil ɗin ya kai megabait 25, mai kula da shafi ya zo ɗorawa, sai ya tarar an rubuta masa a ƙarƙashin akwatin ɗorawa cewa iyakar abin da ake karɓa megabait 2 ne. Ya yi bincike kamar yadda aka bayyana, ya ga FPM/FastCGI. Ga matakan da zai bi.

Da farko ya sa ma'ajiyar fayiloli ta nuna ɓoyayyun fayiloli, domin a tsarin Linux duk sunan da ya fara da ɗigo ɓoyayye ne, kuma da yawa sukan ɗauka babu .user.ini ko .htaccess a jakarsu, su ƙirƙiri sabo, su danne tsohon da ke ɗauke da muhimman dokoki. In ya tarar akwai, sai ya sauke kwafinsa ya adana kafin ya taɓa ko harafi ɗaya. Sa'an nan ya rubuta:

; domin ɗora karatun murya
upload_max_filesize = 32M
post_max_size = 40M

Layin da ya fara da waƙafi mai ruwa bayani ne ga ɗan Adam, PHP ba ta karanta shi. Mustahabbi ne a riƙa rubuta dalilin kowane canji ta haka, domin wanda zai gaji aikin, ko ma shi mai rubutun bayan shekara, ya san abin da ya sa aka yi. Ku lura kuma da yadda aka zaɓi adadin. An sa 32 ne domin a bar sarari kaɗan a kan 25. An sa post_max_size ya fi shi domin fayil ɗin yana tafiya ne a cikin fom tare da take da bayani da sauran gurabe, jimillarsu kuwa ita ake aunawa da haddi na biyu. Wanda ya ɗaga na farko ya bar na biyu a kan 8, zai ga abin mamaki, domin idan saƙo ya wuce post_max_size, PHP tana zubar da shi gaba ɗaya, manhaja ta tashi ta tarar da fom fanko kamar ba a aiko kome ba. Jagorar PHP ta kuma yi nasiha cewa memory_limit ya kasance sama da post_max_size, kuma a misalinmu 128 ya wadatar, babu bukatar taɓa shi.

Akwai wani tarko ƙarami da ya kayar da mutane da yawa, shi ne harafin da ke bin adadi. PHP ta san K, da M, da G kaɗai, kowanne shi ɗaya tilo. Wanda ya rubuta 32MB, yana zaton ya ƙara bayani, to PHP takan ɗauki adadin a matsayin bait 32 tak, sai ya wayi gari ko ƙaramin hoto ba ya shiga.

Da a ce binciken Apache 2.0 Handler ya nuna, da sai a rubuta a .htaccess, ba tare da alamar daidai ba:

php_value upload_max_filesize 32M
php_value post_max_size 40M

A nan alamar bayani ita ce #, ba waƙafi mai ruwa ba, kuma sunayen da PHP ta san su a php.ini, irin su E_ALL, ba su da ma'ana a wannan fayil, sai dai a rubuta adadinsu.

Bayan ajiyewa, mai .user.ini ya yi haƙurin minti 5, sa'an nan ya sabunta jadawalin bincike, ya duba ginshiƙin hagu. In ya ga 32M da 40M, sai ya gwada ɗora karatun da kansa, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Saura mataki guda: Apache bisa al'ada tana hana baƙi karanta fayilolin da suka fara da .ht, amma wannan kariya ba ta haɗa da .user.ini ba, don haka ya kamata a ƙara wannan a .htaccess, bisa lafazin Apache 2.4:

<Files ".user.ini">
Require all denied
</Files>

Fasali na Shida: Wasu Dokoki da Ake Yawan Bukata

Mas'ala ta farko ita ce ta max_input_vars, wanda aka shigo da shi a PHP 5.3.9, a farkon 2012, domin toshe wani hari da ake kai wa uwar garke ta hanyar aiko mata da dubban gurabe a fom guda. Ku ƙaddara malami yana shigar da makin jarrabawa: ɗalibai 60, darussa 20, gurabe 1200 ke nan a shafi ɗaya. Ya danna ajiyewa, shafi ya amsa kamar lafiya, alhali PHP ta karɓi 1000 na farko ta yar da ragowar, sai a ranar raba sakamako a tarar waɗanda sunayensu ke ƙarshen rajista ba su da maki. Wannan ɓarna ta fi ta fayil haɗari, domin ba ta da ƙara. Maganinta a ƙidaya gurabe, a ɗaga haddi gwargwadonsu. Sababbin fitowar Moodle ma sun sharɗanta kada ya gaza 5000.

Ta biyu ita ce ta bayyana kurakurai. Idan display_errors yana kunne, duk tuntuɓen da manhaja ta yi za a rubuta shi a fuskar shafi, tare da sunayen fayiloli da hanyoyinsu, kowane baƙo ya gani. Wannan yana da amfani ga mai gini a kwamfutarsa, amma aibi ne a shafin da jama'a ke shiga. Abin da ya dace shi ne a ɓoye kuskure daga baƙo, a rubuta shi a littafin da mai shafi kaɗai ke karantawa, a kuma ajiye littafin a waje da public_html:

display_errors = Off
log_errors = On
error_log = /home/sunanku/kurakurai/php.log

A maimakon sunanku sai ku sa sunan asusunku na masauki, ku kuma ƙirƙiri jakar tukuna, domin PHP ba za ta gina muku ita ba. A cikin wannan littafi ne za ku ga ainihin ciwon shafin da ya yi fari fat. In kun ga ana maganar ƙarewar ƙwaƙwalwa tare da lamba 134217728, kada yawanta ya firgita ku, megabait 128 ne aka rubuta da bait.

Ta uku ita ce ta agogo. Idan ba a faɗa wa PHP yankin lokaci ba, tana bin agogon UTC ne, Nijeriya da Nijar kuwa suna gaba da shi da awa ɗaya. Sai a ga rajistar da aka yi ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare an rubuta ta a kwanan jiya, ko ƙofar jarrabawa ta rufe ba a kan lokacin da aka sanar ba. Gyaran layi ɗaya ne:

date.timezone = "Africa/Lagos"

Wanda ke Nijar ya sa Africa/Niamey, na Gana Africa/Accra, na Kamaru Africa/Douala, na Cadi Africa/Ndjamena, na Sudan kuma Africa/Khartoum. Wasu manhajoji, WordPress na cikinsu, suna da nasu wurin zaɓen lokaci, wanda shi ma sai an daidaita shi.

Ta huɗu ta shafi rubutunmu kai tsaye. Haruffan ɓ, da ɗ, da ƙ suna fita daidai ne idan shafi yana tafiya da tsarin UTF-8, wanda tun PHP 5.6, a 2014, shi ne asalin default_charset. In kun gaji tsohon shafi, kuka tarar an canza wannan umarni zuwa wani tsari, haruffan kuma suna fitowa a gurɓace, to ku mayar da shi UTF-8, ku kuma duba rumbun bayanai ko shi ma yana kan wannan tsari.

Fasali na Bakwai: Idan Gyara Ya Ƙi Kamawa, da Ladubban Aiki

Idan kun rubuta, kun jira, ginshiƙin hagu bai motsa ba, to ku bi dalilai ɗaya bayan ɗaya: ko fayil ɗin ba shi ne na tsarinku ba, ko sunansa ya sami ƙari irin .txt a ƙarshe, ko an ajiye shi a jakar da ba ta kan hanyar manhaja, ko martabar umarnin ta fi ƙarfinku, ko kuwa mai masauki ya kulle shi. In kuwa jadawali ya nuna sabon adadi amma fayil bai shiga ba, to watakila akwai wata ƙofa a gaban PHP. Nginx, alal misali, wadda ita ma manhajar karɓar baƙi ce irin Apache, ba ta karanta .htaccess sam, kuma tana da nata haddi, client_max_body_size, wanda asalinsa megabait 1 ne, in an wuce shi sai ta mayar da kuskure mai lamba 413. Irin wannan ba ya gyaruwa daga ɗakin ɗan haya. Sai a rubuta wa mai masauki cikin ladabi, a faɗi sunan umarni, da adadin da ake gani, da wanda ake so, da dalili. Wanda ya zo da bayani a fili ya fi saurin samun biyan bukata.

Daga ƙarshe, ga nasiha wadda ita ce ruhin darasin. Za ku haɗu da masu ba da shawarar a sa memory_limit ya zama -1, ko max_execution_time ya zama 0, wato a ɗauke haddi baki ɗaya, domin a huta da saƙon kuskure. Kada ku bi su. Saƙon kuskure alama ce ta ciwo, kuma manhajar da ta cinye megabait 128 wajen nuna shafi guda, galibi akwai ɓaraka a cikinta ko a cikin wani ƙarin da aka ɗora mata, wadda ɗauke haddi ba ya warkarwa, sai dai ya ba ta damar cutar da ku da maƙwabtanku. Ikon da aka ba ku a waɗannan fayiloli amana ce: ku canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, ku ɗaga gwargwadon bukata ba tare da israfi ba, ku rubuta dalili, ku tabbatar da shaida, abin da kuma kuka ɗaga domin aikin rana ɗaya ku mayar da shi idan aikin ya ƙare.

Tambayoyi

1. Ku ambaci fayiloli uku da ake rubuta saitin PHP a cikinsu, ku bayyana sharaɗin aikin kowanne.
2. Me ya sa ini_set ba ya iya ɗaga upload_max_filesize?
3. Mutum ya rubuta php_value a .htaccess, nan take shafinsa ya nuna kuskure mai lamba 500. Mene ne dalili mafi kusa, kuma me zai fara yi?
4. Mene ne bambancin Local Value da Master Value, kuma wanne ne shaidar cewa gyara ya kama?
5. Fom yana da ɗalibai 45 da darussa 25. Shin asalin max_input_vars zai ishe shi? Ku nuna lissafi.

Aikin Gwaji

A kan shafin gwaji, ba wanda jama'a ke amfani da shi ba, kowane ɗalibi ya gano Server API na masaukinsa, ya rubuta adadin haddodi biyar na fasali na farko kamar yadda ya same su, ya daidaita date.timezone da ƙasar da yake zaune, ya ɗaga upload_max_filesize zuwa 16M tare da post_max_size da ya dace da shi, ya nuna wa malami ginshiƙin hagu kafin gyara da bayansa, sa'an nan ya goge fayil ɗin bincike a gaban malamin.